Ƙwayar ƙarfin maza a hannun matan Damargu: magani ne ko ganganci?

Duk wanda ya saba cin kasuwannin Damargu, daga Tanut zuwa Bakin Birji, daga Gangara zuwa Belbeji, ya san cewa bayan rumfunan hatsi da turakun dabbobi akwai wata kasuwa wadda ba ta da rumfa. Ita ce ta masu yawo da magani a kan tire, ko cikin bokitin roba, ko a bayan keke, wadda masu jin Faransanci suka yi wa laƙabi da farmasin ƙasa. A nan ake samun maganin ciwon kai da na masassara, da tramol, da maganin ƙibar nan da ake kira sha-ka-fashe. Can ƙarƙashin kayan kuma, inda ba a fiddowa sai an tambaya da ƙaramar murya, akwai ƙwayoyin ƙarfin maza.

A da maza ne kaɗai ke wannan tambaya. To amma yanzu zancen ya tsallako ɓangaren mata, ana yin sa a gidajen biki da wajen zubin adashi da kuma bayan mota a hanyar komowa daga kasuwa. Hujjar da ake kafawa ba ta da wuyar ganewa: tunda ƙwayar tana yi wa maigida aiki, me zai hana ta yi wa uwargida? Wata maigidan ne ke gutsuro mata rabi. Wata kuma ƙawa ce ta ba ta labari. Wata ma, kamar yadda za mu gani nan gaba, tana sha ba tare da ta san ta sha ba.

Mun san magana ce mai nauyin faɗa, amma gara a ji kunyar karantawa da a ji ta a gadon likita. Amsar a taƙaice ita ce, har yau babu wata hukumar kula da magunguna da ta amince a ba mace wannan ƙwaya domin matsalar kwanciyar aure. Sai dai kuma cewa "a'a" kawai ba ta hana mai damuwa neman mafita, musamman macen da ke ganin aurenta na rawa ko ana shirin yi mata kishiya. Saboda haka ya kamata mu bi maganar daki-daki, yadda 'yar kasuwa ke zazzage buhu ta ga abin da ke ƙasa kafin ta biya.

Asalin ƙwayar da yadda take aiki

Sunan sinadarin da ke cikinta sildenafil. Kamfanin Pfizer ne ya haɗa shi a ɗakin bincikensa da ke garin Sandwich na ƙasar Ingila, kuma ba don kwanciyar aure aka yi shi ba tun farko. Maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya ake nema. Da aka gwada shi a farkon shekarun 1990 bai yi abin kirki a wannan fanni ba, amma mazan da aka ba suka riƙa ba da labarin wani abu daban da suke gani a jikinsu. Nan kamfanin ya juya akala. A watan Maris na 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Viagra, domin maza masu raunin gaba. A 2003 wani ɗan'uwansa mai suna tadalafil, wanda aka fi sani da Cialis, ya shiga kasuwar Amurka. Bambancinsu shi ne na farko yana yin kamar awa 4 a jiki, na biyu kuwa yana iya kaiwa awa 36. Daga baya wasu kamfanoni, musamman na Indiya, suka shiga yin irinsu da araha cikin sunaye iri-iri, har suka iso kan tiren ɗan talla a tashar Tanut.

Aikin ƙwayar guda ɗaya ne: tana sa jijiyoyin jini su saki, su buɗe, jini ya samu hanya. Idan sha'awa ta taso wa namiji, jikinsa na fitar da wani sinadari da ke buɗe jijiyoyin gabansa, sa'annan akwai wani sinadarin da ke biyo baya yana rufe su. Abin da ƙwayar ke yi shi ne ta riƙe hannun mai rufewar na 'yan awoyi. Ke nan ba ta haifar da sha'awa. Ko namijin ma, in babu sha'awa a ransa, ya sha ta a banza.

'Yan kasuwa za su fi kowa gane wannan. Gyara hanyar Damagaram zuwa Tanut na sa mota ta yi gudu, amma gyaran hanya ba ya loda wa mota kaya. Namijin da aka yi ƙwayar dominsa yana da kayan, hanyar ce ta lalace masa, galibi saboda ciwon suga ko hawan jini ko taba ko shekaru. Mafi yawan matan da ke kuka kuwa hanyarsu lafiya lau take. Abin da ke damunsu yana wani wuri.

An gwada ta a kan mata, ba a ji da daɗi ba

Kada mai karatu ta ɗauka cewa masu ƙwayar sun manta da mata ne. Ina! Wane ɗan kasuwa ne zai ga rabin jama'ar duniya ya ƙi yi musu talla? Pfizer ya kwashe shekaru 8 yana gwaji a kan mata kusan 3,000, ya kashe kuɗi masu yawa, amma a watan Fabrairu na 2004 ya fito ya ce ya haƙura. Abin da masu bincikensa suka gano shi ne, lallai ƙwayar tana ƙara gudun jini a gaban mace kamar yadda take yi wa namiji, to amma wannan bai sa matan sun ji ƙarin sha'awa ko gamsuwa ba. A wurin namiji, abin da jiki ya yi da abin da zuciya ta ji kusan tafiyarsu ɗaya. A wurin mace ba haka ba ne: jiki na iya amsawa alhali hankali na can wajen bashin da ake bin ta ko yaron da ke kwance ba lafiya.

Mu a ganinmu wannan hujja kaɗai ta isa. In mai kaya da kansa, wanda zai fi kowa cin riba, ya ce kayansa ba su dace da ke ba, to maganar ɗan tallan da ko sunan sinadarin bai iya karantawa ba ba ta da wurin zama.

Akwai 'yan wurare ƙalilan da aka ga amfani, kuma adalci ne mu faɗe su. A 2008 an buga sakamakon wani ɗan ƙaramin gwaji a Amurka a kan mata 98 waɗanda ke shan maganin ciwon damuwa, wanda shi ne ya dusashe musu jin daɗi. Wasu daga cikinsu sun samu sauƙi da sildenafil. Amma waɗannan mata ne da likita ya san ciwonsu, ya san maganin da suke sha, yana kuma auna su. Haka nan tun 2005 ana amfani da wannan sinadari, da ƙaramin ma'auni da wani suna daban, wato Revatio, wajen jinyar wani mugun ciwo na hawan jinin huhu, kuma mata na cikin masu shan sa. Don haka in kin ga likitan zuciya ya rubuta wa wata 'yar'uwa shi, ba abin da kike zato ba ne, numfashinta ake ceto.

To ina labarin abin da ake kira Viagra ta mata? A 2015 Amurka ta amince da wata ƙwaya mai suna Addyi, bayan ta ƙi ta har sau biyu. Ba ta da dangantaka da ta maza ko kaɗan. A ƙwaƙwalwa take aiki, kullum ake shan ta da dare har tsawon makonni, tana sa jiri da barci da faɗuwar jini, kuma ribar da aka auna ba ta taka kara ta karya ba. A 2019 aka ƙara da wata allura mai suna Vyleesi, wadda ke sa tashin zuciya ga kusan mata 40 cikin 100 da suka yi ta. Dukansu biyu masu tsada ne, kuma sai da takardar likita. Ƙwayoyin nan masu launin hoda da ake tallatawa da hoton mace a jikin kwali kuwa, akasarinsu sildenafil ɗin maza ne aka sauya wa riga.

Amfani babu, illa kuwa tana nan

Abin takaicin shi ne, ƙwayar ba ta ba mace abin da take nema, amma ba ta rage mata komai daga illolinta. Tunda jijiyoyin jini take buɗewa, ba na wuri ɗaya kaɗai take buɗewa ba. Shi ya sa bayan rabin awa zuwa awa ɗaya ake jin kai na sarawa, fuska ta yi zafi, hanci ya toshe kamar mai mura, ƙirji ya riƙa ƙuna, wasu ma su riƙa ganin abubuwa da shuɗi-shuɗi. Jini kuma yana sauka. Ga mai lafiya saukar ba ta da yawa. Amma a ɗauki macen da ta wuni a rana tana awon gero cikin zafin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Damargu ke wuce 40 a ma'auni, ba ta sha ruwan kirki ba, ga kuma ƙarancin jini. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna kusan 46 cikin 100 na matan Nijar masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Irin wannan mace jiri na iya kayar da ita daga tashi tsaye kawai.

Babban hatsarin yana ga masu ciwon zuciya. Akwai magungunan da ake ba masu ciwon ƙirji da masu raunin zuciya, irin su isosorbide da nitroglycerin, wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe. Su ma buɗe jijiyoyi suke yi. In suka haɗu da sildenafil ko tadalafil a jiki ɗaya, jini na iya faɗuwa warwas cikin ɗan lokaci, mutum ya suma, wani ma ba ya farfaɗowa. Wannan gargaɗi yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin ƙwayar tun ranar da aka fara sayar da ita, sai dai mai sayen ƙwaya ɗaya a ƙullin leda ba ya ganin takardar.

Wata za ta ce ai ciwon zuciya na tsofaffin maza ne. A ƙasar Hausa ba haka ba ne. Akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma yankinmu na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta cewa yana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a can, likitocin Yamai ma sun yi rubuce-rubuce a kansa daga baya. An danganta tsanantarsa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da yawan shan kunun kanwa, ko da yake ba su kaɗai ne sanadi ba. Alamunsa su ne kumburin ƙafafu, haki daga ɗan aiki kaɗan, tari da dare, da kasa kwanciya sai an jingina. Mata da yawa na fama da shi suna cewa gajiyar jego ce. A lura kuma, lokacin da ake gama wanka a shiga gyaran jiki domin komawa ɗaki, daidai lokacin ne wannan ciwo ke kan ganiyarsa. Macen da zuciyarta ke jan jiki da ƙyar, ko aka riga aka ɗora ta a kan maganin zuciya, ita ce ta fi kowa kusa da hatsari, kuma ita ce masu talla suka fi bi.

Sai maganar masu juna biyu, wadda ita ce ta fi ɗaga mana hankali. Wasu likitoci sun taɓa tunanin cewa tunda sildenafil na ƙara gudun jini, wataƙila zai taimaki jariran da ba sa girma a ciki saboda mahaifa ba ta ba su isasshen jini. Aka shirya gwaji a ƙasashe da dama. A ƙasar Holan, a watan Yuli na 2018, aka tsayar da gwajin ba shiri. A cikin mata 183, an ba 93 maganin, sauran 90 kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Jarirai 17 na rukunin farko suka kamu da ciwon huhu bayan haihuwa, 11 daga ciki suka rasu. A ɗaya rukunin jarirai 3 ne suka kamu, kuma babu wanda ciwon huhun ya kashe. Gaskiya ne waɗannan jarirai dama can suna cikin hatsari, kuma gwaje-gwajen Ingila da Ostareliya da New Zealand ba su ga irin wannan mace-mace ba. Amma babu inda aka ga maganin ya amfani jariri. Wannan fa a manyan asibitoci ne, da na'urori da ƙwararru a tsaye. Ina ga macen da ke ƙauyen Tarka, wadda cikin wata biyu ne da ita ba ta ma tabbatar ba? A ƙasar da binciken 2021 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya 6 da ɗoriya a rayuwarta, matar aure ba ta cika yin nisa da ciki ko goyo ba.

Mu ƙara da cewa ƙwayar ba ta kawo haihuwa, ba ta hana ta, ba ta kuma maganin sanyi.

Wadda ake sha ba a sani ba

Kayan mata ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyaye da kakanni sun san gumba da tsumi da kazar amarya, sun san dabino da aya da zuma da nono, har ma a kasuwannin Kano da sunan Nijar ake tallar wasu haɗe-haɗen don su yi daraja. Yawancin na dauri abinci ne mai gina jiki, kuma macen da ta ci ta ƙoshi ta huta dole ta ji sauyi. Matsalar ta taso ne da aka shiga gasar wane ne nasa ya fi aiki nan take. Ganye da saiwa ba sa nuna kansu cikin rabin awa. Ƙwayar bature tana yi. Sai marasa tsoron Allah suka gano cewa in aka daka ƙwaya aka zuba a zuma ko garin magani ko kwalbar tsumi, mai sha za ta ji zafi ya taso mata a fuska, zuciya na bugawa, ta ce lallai wannan haɗi yana da ƙarfi.

Ba zargi ba ne kawai, an kama a wurare da dama. A watan Yuli na 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni 4 masu sayar da zumar ƙarin kuzari bayan ta auna ta samu sildenafil da tadalafil a ciki, ba tare da an rubuta a jiki ba. A wannan shekarar ma an janye wasu ƙwayoyin da ake tallata wa mata musamman saboda wannan dalili. Kusa da mu, a 2024 hukumar magunguna ta Kodebuwa ta dakatar da wani shahararren tsumin maza mai suna Attoté, wanda aka rubuta wa cewa zallar itatuwa ne, bayan an samu sildenafil a cikinsa. 'Yan ci-raninmu na Abijan sun san shi sarai. Abin da ya sa wannan ya fi ƙwayar kanta muni shi ne babu ma'auni. Ƙwayar gaske ana yin ta da miligiram 25 ko 50 ko 100, kuma ba a shan fiye da ɗaya a yini. Wanda ya daka ya barbaɗa da hannu kuwa, wani cokalin babu komai, wani cokalin ya ninka.

Ko ƙwayar da ke cikin kwalinta ma ba a rantse mata. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. A 2023 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce a ƙasashen Sahel abin ya kai tsakanin 19 zuwa 50 cikin 100. Mu 'yan Nijar mun san ɗacin wannan tun 1995, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu. Ƙwayoyin ƙarfin maza kuwa suna sahun gaba a cikin abin da ake yi wa jabu a duniya, saboda mai saye ba ya son a gan shi, balle ya kai ƙara. Ga shi kuma an rubuta a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce 30 ba, alhali tiren ɗan talla wuni yake a rana.

Hukumomi na ƙoƙarinsu. Tun 1997 dokar ƙasa ta keɓe sayar da magani ga farmasi da wuraren da aka ba izini, kuma a watan Janairu na 2020 Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a birnin Lome kan tsananta hukuncin masu fataucin jabun magani. A Kano, inda kaya da yawa ke fitowa su biyo ta Matamaye ko Magariya su iso Damagaram, hukumar NAFDAC da takwararta ta masu harhaɗa magunguna sun rufe shagunan magani fiye da 1,000 a Sabon Gari da kewaye a watan Fabrairu na 2024. Amma kowa ya san tsawon iyakar, ya san kuma ba kowane kwali ne ke bi ta gaban 'yan duwan ba.

A nan muke kira ga 'yan'uwanmu mata masu sarin kayan mata suna kaiwa gida-gida. Jarinku na gaskiya ba kuɗin adashin da kuka ɗauka ba ne, yardar da matan kulle suka yi muku ce. Ku ake buɗe wa ɗaki, ku ake gaya wa abin da ba a gaya wa uwa. Abin da kuka haɗa da hannunku kun san shi. Amma kwalba ko garin da kuka saro a rufe, babu sunan mai yi, babu adireshi, sai hoto da alkawarin aiki cikin minti talatin, ba ku san abin da kuke miƙa wa maijego ko mai ƙaramin ciki ba. In masu saye suna dawowa da labarin ciwon kai da toshewar hanci da zafin fuska jim kaɗan bayan sha, to wannan ba ƙarfin itace ba ne, ku ajiye shi. Ranar da wata ta faɗi a ɗakin mijinta, ba mai kamfanin za a nema ba, sunanki za a kira, kuma a gari kamar Belbeji labari ba ya kwana.

Haka nan masu sayen ƙwayar su jefa wa maigida a shayi ko fura a ɓoye. Ba ki san ko yana shan maganin zuciya ba, ba ki kuma san ko shi ma ya riga ya sha tasa a waje ba. Bayan haka, raunin gaba ga namiji sau da yawa shi ne ɗan aiken farko na ciwon suga ko na jijiyoyin zuciya, shekaru kafin ciwon ya bayyana. Alherin da za ki yi masa shi ne ki lallashe shi ya je a auna jininsa da sugansa.

To me ke damun matan?

In aka zauna da ungozoma aka bi koke-koken ɗaya bayan ɗaya, za a ga yawancinsu suna da suna kuma suna da magani. Mai shayarwa jikinta na rage sinadarin da ke kawo ni'ima, kuma matanmu na shayarwa har kusan shekaru biyu, saboda haka bushewar da take ji ba cuta ba ce, ba kuma asiri ba ne. Akwai man shafawa na musamman da ake samu a farmasi wanda ke kawar da ita nan take. Wadda haila ta ɗauke wa ma haka ne, kuma likita na iya rubuta mata wani man na daban. Mai jin zafi, wataƙila ɗinkin haihuwa ne bai warke daidai ba, ko kuwa ciwon sanyi ne, wanda in na saduwa ne sai an yi wa mata da miji magani tare, har da abokiyar zama, in ba haka ba a yi ta zagaye. Wanda ke jin zafi kuwa dole ya guji abin da ke kawo zafin, ko namiji ne. Mai fama da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, ana yin aikinsa a cibiyar uwa da yaro ta Damagaram da kuma asibitin Danja kusa da Maraɗi.

Wani abin da hannunmu muke jawo shi. Matsin da ake cusawa, na alimun ko kanwa ko garin da ba a san asalinsa ba, busar da wuri yake yi, ya sa fata ta tsattsage, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Sai a koma neman maganin ni'ima a wurin wadda ta sayar da matsin. Ciniki biyu ke nan a kan mutum ɗaya.

Sauran kuma ba na farmasi ba ne. Macen da ta tashi tun asuba, ta ja ruwa a rijiya mai zurfin gaba da yawa irin na Damargu, ta yi daka, ta yi surfe, ta ci kasuwa, ta komo ta ɗora tukunya, in dare ya yi barci take so, kuma babu ƙwayar da za ta canza wannan. Haka wadda aka yi wata ba a yi mata magana mai daɗi ba, ko wadda mijinta ya tafi Libiya ko Aljeriya ya dawo kamar baƙo. A nan jaharmu ta Damagaram aka fara makarantun mazaje a ƙarshen shekarun 2000, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar iyalinsu, har wasu ƙasashe suka zo suka kwaikwaya. Muna ganin wannan batu ya cancanci shiga zamansu, domin rabin maganin yana hannunsu.

Wadda ke da damuwa ta fara da ungozomar likitar da ke kusa da ita. In abin ya fi ƙarfinta za ta tura ta babbar likitar Tanut, daga nan kuma Damagaram, mai nisan kusan kilomita 150 daga Tanut. A nemi a auna jini, a auna suga, a duba ko akwai ciki, a kuma faɗi duk abin da ake sha ko ake cusawa ba tare da ɓoyewa ba.

In kuwa an riga an sha, mace ko namiji, sai aka ga jiri mai tsanani ko suma, a kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa sama, kada a ɗura masa komai a baki, a nemi mota. Ciwon ƙirji, ɗaukewar gani ko ji farat ɗaya, ko namijin da gabansa ya ƙi kwanciya fiye da awa 4, duk ba a jira gari ya waye. A tafi da kwalin ko kwalbar ko ragowar garin a hannu, a kuma gaya wa lokotoro ƙarfe nawa aka sha, domin maganin da ya saba ba mai ciwon ƙirji shi ne wanda ba ya haɗuwa da wannan ƙwaya.